Ba birus ba ne: inda manhajojin kanti ke tuntuɓe da yadda ake gano dalili

A Yamai, da zarar manhajar ciniki ta fara gardama a farmasi ko a shagon kayan gini, hukunci ɗaya ake yankewa: birus ya shiga. Magani ma ɗaya ne. A kira yaron da ya iya, ya goge kwamfutar gaba ɗaya, ya zuba sabon Windows. Bayan mako guda matsalar ta dawo yadda take, wani lokaci har da asarar lissafin watanni da aka share tare da birus ɗin da babu shi. Abin yana ci mini rai, domin yawancin waɗannan kurakurai sanannu ne, suna da dalili, kuma a cikin rubutun manhajar suke kwance tun ranar da aka miƙa ta ga mai ita. Ɗan kasuwar da aka yi wa haka sau biyu ba ya ƙara yarda da kwamfuta. Littafinsa yake komawa, ya kuma gaya wa maƙwabtansa na Katako da Wadata kada su zubar da kuɗinsu.

Manhajojin da nake nufi su ne waɗanda ake ginawa da fom: a buɗe fili, a jawo akwatin rubutu, maɓalli, jerin zaɓi da teburin layuka, a jera su da linzami, sannan a rubuta abin da kowanne zai yi idan an taɓa shi. Visual Basic ne ya yaɗa wannan salo tun 1991, Delphi ya biyo baya a 1995, Windows Forms ya zo tare da .NET a 2002, ga kuma Access na Microsoft, da WinDev na kamfanin PC SOFT na Faransa, wanda ya samu karɓuwa a ƙasashe masu aiki da Faransanci. Har gobe akwai shagunan da ke kan manhajar da aka rubuta da Visual Basic 6 na 1998, ko da yake Microsoft ya daina kula da kayan rubuta shi tun 2008. Sauƙin wannan salo shi ne tarkonsa. Cikin yini ɗaya ɗalibi zai haɗa fom mai kyaun gani, ya gwada a kwamfutarsa, komai ya tafi daidai. Amma a kwamfutarsa ya gwada, da hannunsa, da irin sunaye da lambobin da shi ya zaɓa. Kwamfutar mai shago daban ce, hannun mai karɓar kuɗi daban ne, kuma a wannan tazarar kusan duk fitinar take.

Mu fara da wadda kowa ya taɓa gani. Fom ya yi fari fat, a samansa an rubuta «Ne répond pas», wato ba ya amsawa. Mai karɓar kuɗi ta danna, ta sake dannawa, daga ƙarshe ta kashe kwamfutar da ƙarfi. Manhajar kuwa ba mutuwa ta yi ba. Duk abin da ya faru a kan fom, danna maɓalli ne, motsin linzami ne ko buƙatar sake zana allo, Windows yana aiko shi ne a matsayin saƙo. Saƙonnin suna yin layi, kuma zaren aiki ɗaya tak ke ɗaukar su bi da bi. Kamar kanti ne mai mutum guda: in ya shiga mangaza neman kaya, masu saye sai su tsaya har ya fito. Idan mai rubuta manhaja ya ɗora lissafin cinikin shekara a bayan maɓalli ɗaya, zaren ya tafi can, babu mai amsa saƙo, bayan kamar sakan 5 Windows ya ɗauka fom ya sume.

Maganin da aka gada daga tsofaffin darussa shi ne a cusa DoEvents a tsakiyar aikin, don zaren ya riƙa leƙowa yana amsa saƙonni. Fom zai daina yin fari, gaskiya ne. Sai dai cikin saƙonnin da ke jira har da dannawa ta biyu da aka yi wa maɓallin adanawa, wato aikin zai sake farawa alhali na farko bai ƙare ba. Daga nan ake samun faktir biyu na ciniki ɗaya, a cire kaya sau biyu daga lissafin mangaza, ƙarshen wata a zargi yaron shago da abin da bai ɗauka ba. Hanya mai kyau ita ce a kashe maɓallin da zarar an danna shi, a miƙa aiki mai nauyi ga wani zare, da BackgroundWorker da ya zo a 2005 ko da async da await da suka shiga C# a 2012, a kuma nuna wa mutum alamar cewa aiki na tafiya. Wanda ya yi haka zai ci karo da saƙon «Opération inter-threads non valide», domin zaren da ya ƙirƙiri akwatin rubutu shi kaɗai ke da ikon taɓa shi. Akwai layi ɗaya da ke rufe bakin wannan gargaɗi, kuma da yawa shi suke rubutawa su wuce. Kada a yi. Gargaɗin a lokacin gwaji cikin Visual Studio, inda ake rubuta manhajar, yake fitowa, a wurin mai shago ba ya fitowa, sai dai manhajar ta riƙa rikicewa jefi-jefi ba tare da an san dalili ba. A bi ta Invoke, zaren fom ya rubuta sakamakon da kansa.

Wannan ke nan. Inda kuɗin mutane ke zurarewa a ɓoye kuwa, a waƙafi da ɗigo ne.

Mu da muka yi karatu da Faransanci, sha biyu da rabi 12,5 muke rubuta shi. Amurka da Ingila 12.5 suke rubutawa, waƙafi a wurinsu na raba dubbai ne. Kwamfutocin da ke hannun mutane a Yamai kuwa gauraye suke: wata daga Faransa aka kawo ta da Windows na Faransanci, wata ta biyo ta Kano ko Dubai da tsarin Amurka, wata harshenta Faransanci ne amma tsarin lambobinta bai canza ba. Abin da aka rubuta a akwatin rubutu haruffa ne kawai, sai manhaja ta mayar da su lamba, kuma idan ba a gaya mata dokar da za ta bi ba, dokar kwamfutar da take ciki take bi.

A ce mai saye yana son wayar lantarki mita 12,5, kowace mita sefa 600. Kuɗinsa 7500 ne. A kwamfuta mai tsarin Amurka, Double.Parse, umarnin da ke mayar da rubutu lamba, zai ɗauki waƙafin a matsayin mai raba dubbai, ya tsallake shi, ya karanta 125, faktir ya fito da 75000. Wannan da sauƙi, domin mai saye zai yi ihu nan take. Wanda ya fi muni shi ne Val na Visual Basic, wanda ɗigo kaɗai ya sani ko a wace kwamfuta: yana isa waƙafi sai ya tsaya, ya karanta 12, faktir ya fito da 7200. Babu mai ihu a kan ragin sefa 300. Rabin mita, rabin kilo, rabin lita, haka za su yi ta tafiya kullum har shekara ta zagayo. Idan kuma aka rubuta 12.5 a kwamfuta mai tsarin Faransa, sai saƙon «Le format de la chaîne d'entrée est incorrect» ya fito. Ɗigon nan ma ba laifin mai bugawa ba ne: madannin da ke ƙasan lambobin gefen dama a allon madannai na Faransa ɗigo yake bayarwa. Excel yana mayar da shi waƙafi da kansa, shi ya sa mutane suka saba, su kuma ɗauka kowace manhaja haka take.

Abin yi a nan ba shi da wuya, sai dai yana son a zauna a yanke shawara tun farko. A karɓi waƙafi da ɗigo duka a matsayin alamar rabi, a mayar da su abu ɗaya, a karanta da TryParse tare da faɗin tsarin da ake nufi ƙarara, idan bai karantu ba a tsayar da mutum a gaya masa da harshen da yake ji. Sannan kada a taɓa sake karanta jimla daga abin da aka nuna a allo. Tsarin Faransa yana raba dubbai da wani sarari na musamman wanda ido ba ya bambanta shi da na madannin tazara, kuma akwai hanyoyin karantawa da ke tsayawa a kansa, 1 500 ta koma 1. Lamba ta zauna a matsayin lamba a cikin manhaja, allo na nuni ne kawai.

Kwanan wata ma haka, har ya fi wayo. Idan aka ɗinka umarnin SQL (yaren da manhaja ke magana da rumbun bayanai da shi) da hannu aka tura wa Access kwanan wata tsakanin alamun #, shi a tsarin Amurka yake karantawa, wata kafin rana, ko da kwamfutar ta Faransanci ce. Ranar 3 ga Afrilu, wato 03/04, sai ta shiga a matsayin 4 ga Maris. Amma ranar 13/04 yana ganin babu wata na 13, sai ya juya da kansa ya karanta daidai. Sakamakon shi ne kuskuren yana faruwa daga ranar 1 zuwa 12 ga wata, daga 13 zuwa ƙarshe komai lafiya lau. Mai manhaja ya zo dubawa ranar 20, bai ga komai ba, ya tafi yana ganin mai shago ne bai iya ba. A farmasi, inda ranar lalacewar magani ke cikin lissafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda aka ce masa rahoton wata yana fitowa da cinikin wani watan, ya fara duba ranakun goma sha biyun farko.

Akwai kuma girman lamba. Integer, wato gurbin riƙe lamba marar rabi, na Visual Basic 6 a 32767 yake tsayawa. A ƙasar da ake ciniki da dala ta Amurka wannan kuɗi ne mai yawa, a sefa kuwa buhunan siminti kaɗan ne. Idan adadin kaya da farashi duka Integer ne, 10 sau 5000 zai jefo «Dépassement de capacité», kuskure mai lamba 6, ko da wurin da za a zuba sakamakon babba ne, domin ninkawar ake fara yi kafin zubawa. Integer na .NET ya kai biliyan 2 da miliyan 147, amma jimlar shekara ta babban dillali tana iya haye shi. Kuɗi a Decimal ake riƙe su, ba a Double ba, wanda ko 0,1 ba ya iya riƙewa cif. Ga kuma harajin TVA na kashi 19 cikin 100 da ke haifar da rabi-rabi: na sefa 150 shi ne 28,5, na 250 shi ne 47,5. Math.Round, idan ba a ce masa komai ba, zuwa lamba mai rabuwa biyu yake karkata, ya ba da 28 da 48, alhali akawun da ke riƙe da kalkuleta 29 da 48 zai rubuta. Sefa ɗaya ce, amma ta isa ta sa akawu ya daina amincewa da jimlar gaba ɗaya. A zauna da shi a amince: a kan kowane layi za a cike, ko a kan jimla, kuma tunda dala, wato sefa 5, ce ƙaramin kuɗin da ke yawo a hannu, ina za a kai abin da ya rage.

Sai sunayenmu. Wanda ya gwada manhajarsa da Ali da Musa ba zai ga komai ba, sai ranar da Sa'adatu ta zo, ko aka rubuta adireshin Birni N'Konni ko N'Guigmi. Alamar da ke tsakiyar sunan ita ce SQL ke amfani da ita wajen rufe rubutu, don haka umarnin ya karye a tsakiya. Na ga wuraren da aka koya wa ma'aikata su riƙa rubuta Saadatu don manhaja ta yi shiru. Ba daidai ba ne a gyara sunan mutum saboda gazawar kayan aiki, balle ma wannan ƙofar ita ce wadda mugu zai bi ya cusa umarninsa ya karanta ko ya goge rumbun bayanai. Maganinta ɗaya ne da na kwanan wata: a daina ɗinka umarni da hannu, a bar gurabe a cikinsa, a miƙa suna, lamba da kwanan wata ta hanyar Parameters, kowanne da irinsa. Wannan gyara ɗaya yana kashe matsaloli uku.

Haruffa masu ƙugiya, ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ɗin da muke rubutawa a Nijar, suna da hanyoyin lalacewa biyu, kuma kowace da alamarta. Idan ɗan akwati ya fito a madadin harafin, bayanin yana nan lafiya, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da harafin, sai a canza shi. Idan alamar tambaya ce ta fito, harafin ya riga ya ɓata a hanya. Tsohon tsarin haruffa na Windows mai lamba 1252 yana da é da ç amma ba shi da namu, akwatunan Visual Basic 6 da shi suke aiki, haka ma gurbin varchar na SQL Server a yawancin girkawa. A nan nvarchar, gurbin da ke ɗaukar haruffan kowane harshe, ake buƙata, kuma abin da ya riga ya zama alamar tambaya ba ya dawowa sai an sake bugawa.

Na'urar karanta lambar kaya tana da nata labarin. A ɗora ta a kan kwalin magani, ta yi ƙara, a akwatin rubutu sai ga &é"'( a madadin 12345. Ba ta lalace ba. Kwamfuta tana ɗaukar ta a matsayin allon madannai, ita kuma an saita ta a tsarin QWERTY na Amurka, alhali a AZERTY na Faransa layin sama sai an haɗa da madannin manyan baƙaƙe yake ba da lambobi. A ɗan littafin da ke zuwa da na'urar akwai lambar da ake haska mata ta koma tsarin Faransa. Mai rubuta manhaja ma ya kula: idan yana tace lambobi, ya duba harafin da ya fito, ba matsayin madannin da aka danna ba.

Akwai kuskuren da ba a gane shi ta waya, sai an tsaya a bayan mai aiki. A wata farmasi mai ita ta ce mini: «Malam, layin ƙarshe na kowane faktir ba ya shiga daidai, kullum adadin ɗaya yake nunawa.» Aka gwada a gabana, da hannun wanda ya rubuta manhajar, komai ya shiga. Na ce mata: «Hajiya, a bar yarinyar da ke kan kes ta yi yadda ta saba, mu kallo kawai za mu yi.» Ta buga magani na farko, ta danna Tab, na biyu haka. A na ƙarshe ta buga 3, hannunta na dama ya riga ya kai kan linzami, ta tafi kai tsaye ga ɗan hoton adanawa da ke jeren sama. Shi mai manhajar ya saba danna Entrée bayan kowace lamba, ita ba ta yi. A Windows Forms, abin da ake bugawa a gurbin DataGridView ko a akwatin da aka ɗaure da bayanai ba ya shiga sai an bar gurbin, kuma maɓallan jeren sama na ToolStrip ba sa karɓe wurin bugawa daga inda yake. Wato a idon manhaja har yanzu ana kan rubutu, 3 ɗin bai iso ba. Layi biyu ne gyaran, Validate da EndEdit kafin adanawa.

Ƴan uwansa suna da yawa, ba sai an daɗe a kansu ba. Jerin zaɓi da ke nuna «System.Data.DataRowView» a madadin sunayen kaya, DisplayMember ne ba a faɗa ba ko aka rubuta sunan da bai dace ba. Lissafin da ke tashi da kansa tun fom bai gama buɗewa ba, SelectedIndexChanged ne, wanda ke motsawa ko da manhaja ce ke cika jerin. SelectionChangeCommitted sai mutum ya zaɓa da hannunsa. Fom na biyu da ya kasa sabunta na farko, galibi an ƙirƙiri sabon fom ne da New ana rubutu a cikinsa, shi kuwa wanda ke kan allo bai san ana yi ba.

Ranar girkawa a wurin mai shago ita ce ranar da ake jin kunya. Saƙon da ke cewa Microsoft.Jet.OLEDB.4.0 «n'est pas inscrit sur l'ordinateur local» yana nufin manhajar ta tashi a 64 bit, Jet, mai buɗe fayil ɗin Access, kuwa 32 bit kaɗai yake da shi. A gina ta a x86, wato 32 bit, ta wuce. Kuskure mai lamba 339 a kan MSCOMCTL.OCX yana nufin an kwafo manhajar da kile ba tare da kayan da ta dogara da su ba. Allo ma yana yin nasa: an zana fom a 1920 da 1080, an kai shi kwamfutar hannu ta biyu mai 1366 da 768, maɓallin adanawa ya faɗa ƙasan allo. Ko kuma an ƙara girman rubutu zuwa kashi 125 ko 150 saboda idon Alhaji, kalmomi suka hau juna, ga shi Faransanci ya fi Ingilishi tsawo. Anchor, Dock da TableLayoutPanel don wannan aka yi su, kuma gwaji a ƙaramin allo kafin a fita daga gida ba ya cin kuɗi.

Amma wanda ya fi cutar da mutane shi ne wurin da aka ajiye rumbun bayanai. Tun daga Windows Vista ba a barin manhaja ta yi rubutu a Program Files. Tsohuwar manhaja mai 32 bit da ta gwada, Windows ba ya hana ta a fili, sai ya karkatar da rubutun a ɓoye zuwa wata jaka mai suna VirtualStore a cikin AppData na mai amfani. Manhajar tana aiki, kowa na murna. Ran da aka buɗe ta da ikon mai kula da kwamfuta, ko wani ma'aikaci ya shiga da nasa sunan, sai a ga wani lissafi daban, ko ma babu komai. Ran da aka zo gogewa kuma, mai gyara ya kwafe fayil ɗin da ke Program Files yana ganin ya tsirar da dukiya, alhali fanko ya ɗauka, na gaskiyar ya tafi da gogewa. Kafin a taɓa irin wannan kwamfuta a leƙa VirtualStore. Sabuwar manhaja kuwa ta ajiye bayananta a ProgramData ko AppData, ta kuma nuna a wani lungu na fom ainihin inda fayil ɗin yake.

Idan mai shago ya ce da safe manhajar garau take, bayan la'asar sai ta fara nauyi, hotuna su ɓace, daga ƙarshe ta faɗi, kada a ɗora wa zafin Afrilu. Windows yana ba kowace manhaja iyakar abubuwan zane 10000, haka ma na tagogi da maɓallai. Fom ɗin da aka buɗe da ShowDialog ba ya sakin nasa idan an rufe shi sai an kira Dispose, Controls.Clear ma yana cire kaya daga gani ne ba tare da ya sake su ba. Kowane faktir ya bar ɗan saura, har ma'auni ya cika. A Gestionnaire des tâches, tagar Windows da ke nuna manhajojin da ke aiki, ana iya ƙara ginshiƙan GDI da USER masu ƙirga waɗannan abubuwa, a buɗe fom a rufe sau goma ana kallo. Idan lambar hawa kawai take yi ba ta sauka, an kama ɓarawon.

Ɗaukewar wuta kuwa ba a hannun mai manhaja take ba, amma abin da za ta bari a hannunsa yake. Ciniki ɗaya rubutu uku ne aƙalla: kan faktir, layukansa, da ragin kaya a mangaza. Idan wuta ta tafi bayan na biyu, an sayar ba a rage ba. A ɗaure ukun a ƙulli ɗaya tsakanin BeginTransaction da Commit, ko su shiga duka ko kada ko ɗaya ya shiga. Fayil ɗin Access da kwamfutoci uku ke rabawa ta wifi yana saurin lalacewa idan layi ya yanke ana cikin rubutu, kuma a giga 2 yake cika; shagon da ya kai nan ya isa komawa SQL Server Express, PostgreSQL ko MySQL. Kwafin ajiya na kullum ya fita daga kwamfutar, kuma a taɓa gwada dawo da shi, don a tabbata yana buɗuwa.

Duk waɗannan da an gano su cikin awa ɗaya in da manhajojin suna faɗin abin da ya same su. Da yawa an toshe musu baki. On Error Resume Next a saman kowane aiki, ko catch da babu komai a cikinsa, ana sa su ne don kada mai shago ya ga jan saƙo ya raina aikin. Na fahimci tsoron, musamman ga matashin da wannan ce kwangilarsa ta farko. Amma kuskuren bai tafi ko'ina ba. Adanawa ta gaza, manhaja ta ce an adana, mai saye ya tafi da kaya, sai bayan wata uku a gano ramin, lokacin da babu wanda zai tuna abin da ya faru ranar. Gara a tsaya a ce wa mai karɓar kuɗi cinikin nan bai shiga ba, ta sake.

Abin da ya kamata shi ne kowane kuskure ya bar sawu a wani ɗan fayil: rana da lokaci, sunan fom da maɓallin da aka danna, saƙon kuskuren yadda yake ba a taƙaita ba, jerin layukan da aka bi har aka iso wurin, lambar fitowar manhajar, irin Windows, da tsarin lambobin kwamfutar, fr-FR ne ko en-US. A Windows Forms ana kama waɗanda suka kuɓuce ta Application.ThreadException, a rubuta su wuri ɗaya. A sa maɓalli a fom da zai buɗe jakar fayil ɗin, don idan Alhaji ya kira daga Tawa ko Maraɗi a ce masa ya sa yaro ya turo ta WhatsApp, maimakon hoton allo da aka ɗauka a karkace bayan an riga an rufe saƙon. Fayil ɗin zai bi ta wayoyin mutane, saboda haka kada a rubuta kalmar sirri a cikinsa, kada a rubuta sunan majiyyaci ko maganin da ya saya. Lambar faktir ta isa a bi sawu.